Shin SDL kaɗai ya isa ya gane sama da ƙasa a hannun gem?

Ɗalibin Samaru: Assalamu alaikum. Shawarata kan gem ɗin da muke haɗawa: mu cire shafin da ɗan wasa zai zauna yana saita maɓallai. SDL, wato tarin firogiram da masu haɗa gem ke amfani da shi, tun fitowar SDL2 a 2013 yana da sashen GameController, wanda yake mayar da hannun gem (abin da ake riƙewa ana buga wasa) zuwa tsari irin na Xbox. Ga kuma fayil ɗin gamecontrollerdb.txt da masu gem na duniya suke ta ƙara hannuwa a cikinsa. Mu saka shi mu koma kan zane.

Mai gidan gem, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka taɓa riƙe irin hannun da muke saye a kasuwar Sabon Gari? Mai kama da na PS2, mai wayar USB. Akwai maɓallin Analog a tsakiyarsa. In jar wutar tana kashe, kibiyoyi huɗun nan da sandar hagu abu ɗaya suke aikawa. Da zarar ta kunnu, kwamfuta wani abu daban take gani. Kuma yara ba sa rabuwa da taɓa shi ana tsakiyar wasa.

Malama mai koyar da firogiramin, Kongo: Alhaji ya taɓo inda ciwon yake. Kibiyar sama ɗaya ce a ƙarƙashin yatsa, amma kowane dandali da yadda yake kawo labarinta. A Windows akwai hanyoyi biyu na karanta hannu: XInput yana ɗaukar kibiyoyin a matsayin maɓallai huɗu. DirectInput kuwa kusurwa yake bayarwa, digiri sau ɗari: sama 0, dama 9000, ƙasa 18000, hagu 27000. A Linux sau da yawa ABS_HAT0X da ABS_HAT0Y ne, kowanne -1 ko 0 ko 1. Android na iya aiko AXIS_HAT_X, ko ya aiko KEYCODE_DPAD_UP kamar an danna allon rubutu. Har sandar ma ba a daidaita kanta ba: tura ta sama lamba ce mai ƙaruwa a XInput, a SDL kuma mai raguwa.

Ɗalibin Samaru: Ai Malama wannan jerin naki hujjata ce. Don a raba mu da wannan rikicin aka yi SDL.

Malama mai koyar da firogiramin, Kongo: Yana raba mu da shi ne idan ya san hannun. Yana gane hannu da lambar shaida da ake haɗawa daga lambar kamfani da ta kaya. Hannuwan nan masu araha, da yawansu ƙwaƙwalwa iri ɗaya ce a cikinsu, lamba ɗaya, amma kowace masana'anta da yadda ta jona maɓallanta. Fayil ɗin zai ce ya san shi, ya ɗora masa tsarin wani. Wannan ya fi rashin sani muni, domin gem ɗin ba zai ma tambayi ɗan wasa komai ba.

Mai gyaran waya, PZ: Ni ina bayan ɗalibin nan rabi. Shafin saiti ba ya maganin sandar da ta tsufa. Tana nan a ajiye, ɗan wasan cikin gem yana tafiya shi kaɗai. Microsoft da kansu sun ba da shawarar a yi watsi da motsin da bai kai 7849 ba cikin 32767 a sandar hagu. Hannun da ya sha ƙurar hunturu a gidan Alhaji sai an ƙara masa wannan adadin. Kuma a auna nisan sandar daga tsakiya gaba ɗaya, kada a auna X daban Y daban, in ba haka ba tafiyar kwana za ta riƙa maƙalewa.

Mai gidan gem, Tudun Wada: To wa zai ƙara masa in ba shafin saiti? Ni zan buɗe rubutun firogiram ɗinku?

Mai gyaran waya, PZ: Gaskiya ne, Alhaji. Amma a sa shi cikin menu, kada ya tare yaro a bakin ƙofa.

Ɗalibin Samaru: Har yanzu ina ganin aikin ya fi amfanin yawa. Mu uku ne kawai ke rubutu, ga jarrabawa ta matso.

Malama mai koyar da firogiramin, Kongo: Aikin bai kai yadda kake tsoro ba. Gem ɗin ya san kalmomi huɗu kawai: sama, ƙasa, hagu, dama. A saman wannan sai ɗan tebur da ke cewa wace sigina ce ta zama wace. SDL ya cika teburin tun farko. In bai dace ba, allo ya ce "danna sama", ya ajiye duk abin da ya canja, maɓalli ne ko kusurwa ko sanda. Kuma kun ce kuna son ya yi aiki a burauza. A can kibiyoyi maɓallai ne na 12 zuwa 15, amma sai ga hannun da burauzar ta sani. Na kasuwa ba tabbas.

Mai gidan gem, Tudun Wada: Ku zo ranar Asabar bayan La'asar da laftof ɗinku. Zan fito muku da duk hannuwan da ke shago, har da waɗanda na jingine. A gwada kowanne wuta kunne da wuta kashe.

Ɗalibin Samaru: Zan zo, Alhaji. In SDL ya gane su duka, shafin nan sai bayan jarrabawa.