Wai da gaske ne ana binne sarakunan Koriya na da tare da barorinsu?

Gimbiya:
Salam 'yan uwa. Na ga hotunan wasu manyan tuddai kore shar a tsakiyar garin Gyeongju na Koriya ta Kudu, aka ce kaburburan sarakunan Silla ne, wata tsohuwar masarautar Koriya, har wani yake cewa wai da mutane ake haɗa su a binne. Gaskiya ne ko ƙarin gishiri? kuma ban da zinare me masu tonon suke ganowa?

Sarkin Yaƙi:
Wa alaikis salam. Ba ƙarin gishiri wallahi, sunjang suke ce wa al'adar. Littafin tarihinsu na Samguk Sagi ya ce idan sarkin Silla ya mutu maza 5 da mata 5 ake binnewa da shi, sai a shekara ta 502 sarki Jijeung ya hana. Amma fa makwabtansu na Gaya sun fi su zaƙewa, a Jisan-dong da ke Goryeong kabari mai lamba 44 kaɗai sama da mutum 30 aka binne da mai kabarin, an jera musu ƙananan ramuka na dutse kewaye da nasa. Wadda ta fi ba ni tausayi wata yarinya ce 'yar shekara 16 da aka tono a Changnyeong, da ɗan kunne ɗaya a kunnenta, likitoci da suka duba ƙasusuwan ƙafarta suka ce alamu sun nuna ta sha durƙuso a rayuwarta, kin ga baiwa ce ko mai hidima kenan, ta yi bauta a duniya kuma aka ce ta je can ma ta ci gaba.

Ummu Hanan:
Innalillahi, abin ba daɗin ji. Ni kuma abin da ya ɗaure min kai Hwangnamdaechong ne, kabarin miji da mata a manne da juna da aka tono daga 1973 zuwa 1975. Kambun zinare na gaske a ɓangaren matar aka same shi, na mijin tagulla ne aka shafa masa ruwan zinare, shi dai makamai ne jibge a wajensa. Har kofunan gilashi irin na ƙasar Rum aka samu a ciki, ku duba nisan tafiyar da kayan nan suka yi. Shi ya sa ban yi mamaki ba da Silla ta zo ta naɗa mace sarauta, Seondeok, a 632.

Sarkin Yaƙi:
Malama a bi a hankali dai, kambu ɗaya ba ya nuna matan gari gaba ɗaya suna da 'yanci, jinin sarautarta ne ya ba ta, yarinyar Changnyeong ma ai mace ce.

Baban Sadiq:
Kun tsaya kan zinare kun bar na farko. Tun zamanin tagulla, shekaru aru-aru kafin Silla, mutanen Koriya suna kafa wasu kaburbura da ake ɗora ƙaton falalen dutse a kai, ana ce musu goindol, dubbai ne a ƙasar, na Gochang da Hwasun da Ganghwa UNESCO ta sa su a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2000. Akwai na Ganghwa da murfinsa ya kai wajen tan 50. To ba kireni ba tirela, wa ya tara majiya ƙarfin da suka jawo shi, wa ya ciyar da su? dole akwai mai faɗa a ji da rumbun hatsi tun lokacin. Sannan Gimbiya dalilin da kayan Silla suka tsira daga ɓarayi shi ne ginin, akwatin katako ne aka lafta masa duwatsun kogi sannan ƙasa, ba ƙofa, ka haƙa rami duwatsu su rufto maka. Na masarautar Goguryeo ta arewa masu ƙofa kam an sha yashe su, zanen bango ne ya rage, irin na Anak mai lamba 3 da har kicin da nama a rataye aka zana.

Gimbiya:
Na gode sosai, Allah Ya ƙara basira. Baban Sadiq zanen kicin ɗin nan fa, mata ne ke girkin ko maza?