Muhawara: A Daina Jarrabawar MTH 102 Ta Kwamfuta?

Malamin lissafi: Matsayata ita ce, kalkulas na ajin farko a jami'a, wato darasin MTH 102, bai dace da jarrabawar kwamfuta (CBT) ta canki-canka ba. Manhajar NUC, hukumar kula da jami'o'in Najeriya, ta ba MTH 102 yunit 2, wato awa 30 na lacca, kuma a cikinsu ake son ɗalibi ya taso daga limit, ya bi ta difarenshiyeshan, ya isa intigireshan har ya lissafa faɗi da girman abu. Duk wannan tafiya ce mataki-mataki. Kwamfuta kuwa amsar ƙarshe kawai take gani.

Shugaban aji: Malam, da girmanka, ajinmu ya cika ɗakin lacca har waje, ga 'yan kimiyya ga 'yan injiniyanci. Wa zai zauna ya duba takardun nan da hannu? Kafin CBT sai zango na gaba ya yi nisa sakamako bai fito ba, wani kuma a ce takardarsa ta ɓata.

Ɗalibar injiniyanci: Yaya, gaskiyarka kan cunkoso, amma bari in faɗa maka abin da muke yi a zahiri. A ce ka nemo intigiral na x·e^x, ga zaɓi huɗu. Babu mai wahalar da kansa da dabarar rarrabawa (integration by parts). Sai ka ɗauki zaɓuɓɓukan ɗaya bayan ɗaya kana difarenshiyetin, da ka zo kan (x−1)e^x ka ga ya dawo maka da x·e^x, shi ke nan ka danna. Limit na sin x bisa x yayin da x ke kusantar 0 ma haka: ka sa 0.001 a kalkuleta a radiyan, ta ba ka 0.9999998, ka zaɓi 1. Ka ci maki, ba ka san dalili ba. Wannan abu yana damuna, domin a aji 2 darasin lissafin injiniyanci babu zaɓin da zai cece ka.

Shugaban aji: To ai wanda ya iya juya tambaya haka ya fahimci cewa intigireshan kishiyar difarenshiyeshan ce. Wannan ma ilimi ne.

Malamin lissafi: Rabin ilimi ne, ɗana. Gada ko injin da wannan ɗaliba za ta lissafa gobe ba sa zuwa da A, B, C, D.

Tsohon ɗalibi: Ni ina ganin kun bar jaki kuna dukan taiki. Ga maki 30 na CA, wato gwaje-gwajen cikin zango, a hannu, jarrabawa 70. A bar 70 ɗin ga kwamfuta in dole ne, amma 30 ɗin a mayar da su rubutun hannu a ajin tutoriyal kowane mako, rukuni ƙanana, ɗaliban digiri na biyu su duba.

Ɗalibar injiniyanci: Da maki 30 za a gyara abin da 70 ke ɓatawa? Ɗalibi inda maki yake can yake zuba ƙarfinsa.

Malamin lissafi: Shi ya sa zan kai wa shugaban sashe buƙatar a raba 70 ɗin ma, 30 na kwamfuta, 40 na rubutu, tambaya biyu kacal. Shugaban aji, ka tattaro mini sunayen waɗanda za su iya zaman tutoriyal ranar Asabar.