Me za mu kira "inclinomètre" da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata kalma ce ta tsaya mini a rai, kuma na san a cikinku akwai direbobi da magina da malaman makaranta, shi ya sa na kawo ta nan.

Ni makaniki ne a Garwa, motocin noma da katafila nake gyarawa. Makon jiya aka kawo mini wata tarakta mai cokalin ɗiban ƙasa a gaba, kwance ce daga Faransa. A gefen sitiyari akwai ɗan allo mai nuna lamba biyu. Yaron da nake koya wa aiki ya ce, "Maigida, wannan agogon na mene ne?" Na ce masa inclinomètre. Ya gyaɗa kai kawai, amma na ga sunan bai shiga ba. Sai na ɗauko kwanon sha cike da ruwa, na karkata shi a hankali har ruwan ya kai baki. Na ce, "Ka ga wannan? Aikinsa ke nan, ya gaya maka yadda mota ta karkata tun ruwan bai zube ba." Nan take ya gane. Tun daga ranar nake tunanin me ya hana mu ba abin nan sunan da zai yi aikin kwanon.

Ga waɗanda ba su taɓa ganinsa ba: iri-iri ne. Akwai na da, ɗan lanƙwasasshen bututun gilashi da ƙwallon ƙarfe a ciki, yana birgima a cikin mai, duk inda mota ta kwanta ƙwallon ya gangara can. Akwai na zamani mai lantarki, wanda abin da ke cikinsa ɗan'uwan na cikin wayarku ne, wanda ke juya hoto idan kun kwantar da wayar. Duka dai da nauyin da ke jan komai ƙasa suke awo. Lamba ɗaya ta gefe ce, hagu ko dama. Ɗayar ta gaba da baya.

Ba don son iyayi na damu da sunan ba. Shekarun baya ƙanena yana kwasar yashi a bakin wani mayo, wato rafi, da rani, ya cika cokali ya ɗaga shi sama don ya riƙa ganin gabansa, sannan ya bi gaɓar a gicciye. Ina tsaye ina kallo tayar baya ta ɓangaren tudu ta bar ƙasa, har na hango haske ta ƙarƙashinta. Allah ya kiyaye ya saki cokalin ƙasa da sauri, motar ta dawo ta zauna. Da ya sauko ƙafafunsa rawa suke yi. Ya ce wallahi a idonsa wurin kusan shimfiɗe yake. Gaskiyarsa, ido yana ruɗi, musamman idan babu gini ko itace a tsaye da za a gwada da shi. Kuma kaya idan suka hau sama, nauyin motar duka ya hau tare da su, gangaren da ta bi lafiya da safe sai ya kifar da ita da yamma.

To tun da na fara tambayar mutane sunan da ya dace da shi, ga shawarwarin da aka kawo zuwa yanzu.

Wani magini ya ce mu ce "nibo" kawai mu huta, tunda kowa ya san nibon gini mai kumfa a tsakiya. Na gode, malam, dangi ne kam. Amma nibo amsa biyu gare shi, ya daidaita ko bai daidaita ba. Wannan kuwa nawa yake faɗa, biyar ko goma sha biyu. Magini yana neman sifiri ne, direba kuwa da wuya ya samu sifiri a gona, so yake ya san saura nawa ya kai iyaka.

Wani malami daga Marwa ya kawo "ma'aunin gangare". Wannan ya daɗe yana mini daɗi, har na kusa amincewa. Abin da ya mayar da ni shi ne gangare na ƙasa ne, karkata ta mota ce, kuma ba kullum suke tafiya tare ba. A fili shimfiɗaɗɗe, taya ɗaya ta faɗa kwarin kunya ko ramin gara, ɗaya ta hau kututture, mota ta karkace alhali babu gangare ko kaɗan. Taya mai ƙarancin iska ma tana jawo haka. Yaron da aka koya wa "ma'aunin gangare" zai ce ai ni a fadamar Binuwai nake aiki, wannan na mutanen Mokolo ne da ke noma a jikin duwatsun Mandara, sai ya daina dubawa.

Wani matashi ya ce "hana-kifewa", irin ginin hana-salla da faɗa-wuta. Suna ne mai daɗin faɗa, kuma irinsa ne ke kama bakin mutane. Amma ina roƙon kada mu bar shi ya bazu, domin alƙawarin ƙarya ne. Abin nan ba ya hana komai, faɗa kawai yake yi. Idan tarakta ta tashi kifewa ta baya, misali an ɗaura sarƙa a sama da mazaunin ja ana fizgar kututture, cikin ƙasa da sakan ɗaya ta wuce inda za a iya dawo da ita, babu lokacin duba allo. Ko baka na ƙarfen nan da ake kafawa a kan kujerar direba, wanda Suwidin ta wajabta wa sababbin taraktoci tun 1959, ba ya hana faɗuwa, hana motar danne mutum yake yi, shi ma sai an ɗaura bel. Ni "ƙarfen kariya" nake ce masa.

Saboda haka ni na tsaya a kan MA'AUNIN KARKATA. Muna da ma'aunin zafi, muna da ma'aunin hatsi a kasuwa, kunne ya saba da ginin. Kuma "karkata" kalma ce da jiki ke amsawa. Ka ce wa mai ɗauke da tulu "ya karkata", hannunta ya riga ya kai kafin ka rufe baki.

Akwai wani tarko da sunan kaɗai ba zai cire ba. Wasu allunan da digiri suke awo, wasu da kashi cikin ɗari, irin yadda ake rubuta gangare a allunan hanya, duk wanda ke hawa da sauka a falez, wato gangaren dutsen hanyar Ngaundare, ya san abin da nake nufi. Ba ɗaya ba ne ko kusa. Kashi 10 yana nufin a kowace mita 100 an hau mita 10, kuma bai kai digiri 6 ba. Digiri 15 kusan kashi 27 ne. Kashi 100 digiri 45 ne kacal, ba bango a tsaye ba. Don Allah duk mai faɗin lamba ya haɗa da sunanta, "digiri goma" ko "kashi goma". Iyakar da mota za ta jure kuwa a littafinta ake dubawa, kowace da tata.

Sai maganar cokali. Da Faransanci godet ne, a baki "gode", kuma kun ga yadda zai rikice da godiya. Wasu sun ce bokiti, wani ya ce guga. Guga rataye yake da igiya, wannan kuwa cusa shi ake yi a ɗebo, shi ya sa na fi son cokali, haka ma muke faɗa a garejinmu. Wani dattijo, tsohon direban katafila da ya yi aikin hanya shekaru da yawa, ya gyara mini. Ya ce, "Ɗana, ba cokalin ake aunawa ba, bakinsa ake aunawa." Baba, Allah ya ƙara girma, haka ne. Baki ya sunkuya, ya yi ta haƙar ƙasa yana kwashe daɓen da kake son gyarawa. Ya ɗaga, ya hau kan tulin yashi ya fito fanko. A motar da hannuwanta ba sa daidaita cokali da kansu, kana ɗagawa bakin na juyowa baya, har tsakuwa ta zubo kan bonet ko kan direba. Tsofaffin motoci suna da ɗan sandan ƙarfe mai zamewa cikin bututu a jikin hannu, idan kansa ya zo daidai da alama ka san cokali ya kwanta. Sababbi kuma ma'auni ɗaya a jikin mota, ɗaya a jikin cokali, a cire wannan daga wancan. Don haka: MA'AUNIN BAKIN COKALI, da kalmomi uku na aiki, ya kwanta, ya sunkuya, ya ɗaga.

Magini ya dawo da wata dabara da na ji daɗinta. Ya ce su idan suna shakkar nibo, juya shi suke yi a wuri guda su sake dubawa. Jiya muka gwada: muka tsayar da taraktar, ma'aunin karkata ya nuna digiri 3 dama, muka juyo da ita ta fuskanci inda ta fito a daidai sawun tayoyinta, ya nuna 1 hagu. Ke nan ƙasar digiri 2 ce, shi kuma yana ƙara 1 ta dama. Muka saita shi.

Na ba yaron fenti ya rubuta "karkatar gefe" a ƙarƙashin lamba ta farko. Ta biyun na bar ta babu rubutu tukuna, domin "karkatar gaba da baya" ta yi tsawo, wurin bai kai faɗin yatsu uku ba. Direbobin Kusiri da Njamena, me kuke cewa idan kan mota ya yi sama ko ya yi ƙasa?