Ba kowace tsayawar jirgi ce yada zango ba: wane suna za mu ba abin da ake yi a Shannon?

1/ Jiya ina cikin aikin fassara na yi kiciɓis da kalmomin Turanci uku a jere: "stopover", "technical stop" da "preclearance". Ta farko ba ta ba ni wahala ba, yada zango ce, fatake sun gama mana wannan aikin tun zamanin ayari. Sauran biyun ne suka tsaya mini a maƙogwaro. Ku matso mu yi shawara.

2/ Bari in fara da jirgin da ya jawo maganar, don suna ba ya zama sai an ga mai shi. A watan Satumba na 2009 kamfanin British Airways ya buɗe wata hanya daga ƙaramin filin jirgin London City, wanda ke dab da unguwar bankunan Landan, zuwa filin JFK na New York. Jirgin Airbus A318 ne, ɗan ƙarami, wanda a wasu kamfanonin yakan ɗauki mutum sama da ɗari. Su kuwa suka sa masa kujeru 32 kacal, kowace tana miƙewa ta zama gado. Har lambar BA001 suka ba shi, wadda a da ta Concorde ce, jirgin nan da ya fi sauti gudu, kafin a ajiye shi a 2003. Jirgin masu hannu da shuni ne, waɗanda minti goma ke da tsada a wurinsu.

To ga abin mamaki: jirgin masu sauri, amma sai ya tsaya a hanya.

3/ Dalili titin tashi ne. Na London City bai wuce kusan mita 1,500 ba. Idan aka cika tankin jirgin da man da zai ƙetare Tekun Atlantika, ya yi nauyin da ba zai iya ɗagawa a wannan ɗan tazarar ba. Sai ya tashi da mai kaɗan, ya sauka a Shannon da ke yammacin Ireland, ya cika tanki, sannan ya fuskanci teku. A dawowa kuwa babu tsayawa: titin JFK dogo ne, iskar sama tana tura jirgi daga baya idan ya nufo gabas, kuma kafin ya iso Landan ya ƙone mai ya yi sauƙi.

4/ Dabarar ita ce ba su bar fasinja zaune yana kallon tankar mai ta taga ba. A Shannon akwai jami'an shige da fice da na kwastam na Amurka, zaune da kayan aikinsu a ƙasar Ireland. Ana zuba mai, fasinjoji 32 na sauka da fasfo a hannu, a yi musu tambayoyin da za a yi musu a New York, a sallame su, su koma kujerunsu. Idan jirgin ya isa JFK sai a karɓe shi kamar wanda ya taso daga Chicago. Ka ɗauki jakarka ka fice, ba ka ga wannan dogon layin ba. Wanda ya taɓa tsayawa a layin shiga Amurka bayan awa bakwai a sama, ƙafa a kumbure, ya san darajar abin.

5/ Yanzu ga kalma ta biyu, "technical stop", wato irin wannan tsayawar ta Shannon. Wata 'yar'uwa ta rubuto cewa a bar ta a yada zango kawai, kowa zai gane. Yaya, ban yarda ba. Zango wurin sauke kaya ne. A kwance wa dabba mangala, a hura wuta, a kwana. Wanda ya sauka a Alƙahira ko Addis Ababa ya kwana ɗaya kafin ya wuce, shi ne ya yada zango. Jirgin da ya taɓa ƙasa na abin da bai kai awa ɗaya ba, bai bar kowa a wurin ba, bai ɗauki sabon fasinja ba, bai yada komai ba.

Wani kuma ya kawo "tsayawar fasaha". Wannan bin Turanci ne sawu da ƙafa, kuma Bahaushe zai ɗauka wani abu ne na gwaninta. "Tsayawar gyara" ta fi muni, don tsoratar da fasinja za ta yi, ya zaci inji ya lalace.

Ni dai a tasha na samo amsa. Direban Kano zuwa Maiduguri idan ya ratse gidan mai a Potiskum, cewa yake: bari mu sha mai. Ba wanda ke sauke kaya. Saboda haka: tsayawar shan mai. Kuma ba baƙon abu ba ne gare mu, filin jirgin Kano kansa ya yi shekaru yana wannan aikin, lokacin da jiragen KLM da Sabena masu zuwa kudancin Afirka da Kongo ke sauka su sha mai su wuce. Irin aikin da Gander ta Kanada da ita Shannon ɗin suka yi wa masu ƙetare Atlantika kafin a ƙera jirage masu dogon zango. Na san wani lokacin canjin matuƙa ne ke sa a tsaya, ba mai ba. Ranar da haka ta faru sai a ce tsayawar canjin matuƙa, bakinmu bai gaza ba.

6/ Ta ukun, "preclearance", wato aikin da jami'an Amurka ke yi a Shannon, ita ce mai ƙashi. Abin da zuciyata ta fara so shi ne "riga-shiga", a kan ƙirar rigakafi: ka riga ka shiga ƙasa tun ba ka isa ba. Gajeriya ce, tana da daɗi a baki. Na kwana da ita, da safe na rabu da ita. Na farko, a rubuce ba a ganin karin sauti, wani zai karanta ya ɗauka maganar sa riga ake yi. Na biyu, kuma shi ne babba, ba gaskiya take faɗa ba. Wurin da jami'an ke zaune a Shannon ƙasar Ireland ne, bai zama Amurka ba. Abin da suke yi shi ne su amince ka hau jirgin, ko su hana ka. Wanda aka hana yana nan a Ireland, ba a kai shi New York an juyo da shi ba. Cewa ya riga ya shiga, riga malam masallaci ne.

Wani mai barkwanci ya ce "iyakar tafi-da-gidanka". Na yi dariya, kuma wallahi ya kusa, amma ba za ta shiga labaran rediyo ba.

7/ Wani dattijo da ya ce ya yi aiki a filin jirgi ya ba da "tantancewar kafin tashi". Baba, Allah ya ƙara girma, rabin kalmar taka na ɗauka. Tantancewa ta zauna daram, ita muke faɗa wa maniyyata da 'yan takara. "Kafin tashi" ce matsalar, don kowane fasinja a duniya ana bincikarsa kafin tashi: a cire bel, a cire takalmi, a wuce ta na'ura. Wannan binciken tsaro ne, na ƙasar da kake bari. Wanda muke nema wa suna na ƙasar da za ka ne. Kuma mutanen BA001 sun riga sun tashi daga Landan, a tsakiyar hanya aka tare su.

Shi ya sa na juya ta: tantancewar kafin isa.

8/ Mu gwada ta a wasu wurare mu gani ko za ta ɗauki kaya. Amurka ta fara wannan tsarin a Toronto a 1952, yau kuma yana Dublin da Abu Dhabi da manyan filayen jirgin Kanada. A can ba a hanya ake yi ba, a inda jirgin ya taso ne, amma duk da haka kafin isa ne. Ta ɗauka. Saudiyya ma tana yi wa alhazan wasu ƙasashe irin su Malesiya da Indonesiya da Pakistan, a ɗauki hoton yatsunsu a duba bizarsu tun a gida, su sauka Jidda ko Madina su wuce mota kai tsaye. "An yi wa alhazan tantancewar kafin isa." Ban ji inda ta yi tuntuɓe ba.

9/ Ga kuma hujjar da ta sa na nace a raba kalmomin biyu. Akwai lokacin da jiragen London City biyu ne a rana, kuma daga baya na biyun, mai lamba BA003, ya riƙa isa Shannon bayan jami'an Amurka sun tashi daga aiki. Ya ci gaba da tsayawar shan mai, amma babu tantancewar kafin isa, fasinjojinsa suka koma bin layi a JFK kamar kowa. Da yada zango muka kira duka biyun, da wannan jimlar ba ta faɗuwa.

Hanyar ma ta mutu a 2020, annobar korona ta tsayar da ita, kamfanin bai sake buɗe ta ba. Ofishin Amurka na Shannon dai yana nan yana aiki.

10/ Na sa kalmomin biyu a fassarar na miƙa. Mai duba aikin ta dawo mini da tambaya ɗaya a gefen takarda: su kujerun nan 32 na "business class", "ajin 'yan kasuwa" za mu ce ko "kujerun manya"? Na ce mata ɗan kasuwar da na sani a Kwari a kujerar baya yake zama, yana lissafin kuɗin awon kaya.