Ranar Litinin zan fara kemo, waɗanda suka yi don Allah ku faɗa min gaskiya

Maman Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 41, wata biyu da suka wuce aka tabbatar min ina da kansar mama, an yi aiki an cire kuma alhamdulillah ɗinkin ya warke. Yanzu likita ya ce sai kemo, wato maganin kansa mai ƙarfi da ake sawa ta jijiya, zagaye 8, duk bayan sati uku, huɗun farko doxorubicin da cyclophosphamide, huɗun ƙarshe kuma paclitaxel. An min gwajin jini da hoton zuciya an ce komai lafiya, Litinin ɗin nan zan fara.

Wallahi aikin da aka min bai tsorata ni kamar kemon nan ba. Ina yarinya na ga gwaggona ta yi, abin da kawai nake tunawa shi ne amai da yadda ta rame, to tun da aka sa min rana bana iya barci, da na rufe ido ita nake gani. A gaban likita kuma kaina ɗaurewa yake, yana ta bayani ina ta cewa to, sai na dawo gida na ga ban riƙe ko rabi ba. Don Allah wanda ya yi ko ya yi jinyar wani, me ake ji a ranar farko, da zafi? Gashin nan dole ne ya zube? Ina da yara biyu, babbar 12 ƙaramin 6, zan iya kwana ɗaki ɗaya da su? Kar ku ɓoye min komai, gara na sani tun yanzu.

Wadda Ta Gama:

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Irin haɗin nan naki aka min, yau shekara uku da gamawa, ga ni ina rubuto miki da hannuna.

Ranar farko ita ce ta fi sauƙi a jiki, a zuciya ne take da nauyi. Za su sa miki allurar ƙarin ruwa a jijiya, galibi a hannun da ba ɓangaren da aka yi aikin ba, su fara ba ki maganin hana amai, sannan kemon. Doxorubicin ɗin ja ne jawur, za ki gan shi da idonki, kuma fitsarinki zai yi ja kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne launin maganin ne, ni ba wanda ya faɗa min sai da na tashi hankalin gidan gaba ɗaya. Shi maganin ba ya zafi idan yana tafiya daidai a jijiya. In kika ji raɗaɗi ko zugi ko kumburi a wurin allurar, a take ki kira nas, kar ki ce bari na daure kar na dame su, don in ya tsiyaya ƙarƙashin fata yana cin nama.

Zamanin gwaggonki daban da yanzu, a lokacin magungunan hana amai ba su kai na yau ƙarfi ba. Amma ga kuskuren da na yi a zagaye na farko: na dawo gida na ji garau sai na ce me zan yi da ƙwayoyin nan tunda ba na jin komai, na ajiye su. Cikin dare abin ya taso min, kuma in ya riga ya taso kwantar da shi sai an sha wahala. Ki sha su a kan lokacin da aka rubuta ko kina jin tashin zuciya ko ba kya ji. Daga zagaye na biyu da na kiyaye, amai sau ɗaya kawai na yi har na gama huɗun.

Ni kwana na 3 zuwa na 5 ne suka fi min nauyi, wata irin kasala ce da barci ba ya maganinta, wanka ma sai na huta a tsakiya. Daga kwana na 8 sai na fara dawowa, sati na uku kuwa kamar ba ni ba, ina aikina ina fita. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta kullum, yau kwana na nawa, me na ji, me na iya ci, sau nawa na zaga, zafin jiki nawa. Za ki ga kusan haka abin yake maimaita kansa kowane zagaye, sai ki san ranakun da za ki nemi mai taya ki da ranakun da za ki iya da kanki, kuma shi za ki buɗe wa likita in kanki ya ɗaure.

Gashi kuwa ba zan yaudare ki ba, da wannan haɗin zai zube, yawanci tsakanin sati biyu zuwa uku bayan na farko. Fatar kai takan fara tsami kafin nan. Ni na bari sai da na riƙa tashi ina ganin shi a kan filo, abin ya fi min ciwo, da zan sake da tun kafin ya fara zan rage shi sosai. Na yi kuka kam, ba laifi ba ne ki yi. Bayan na gama da 'yan makonni ya fara tsirowa, da laushi kamar na jarirai. Farcena ma sun yi duhu, su ma sun koma daidai.

Sista Mai Jinya:

Sannu Maman Biyu, Allah ya sa kaffara ne. Ni nas ce, na daɗe a ɗakin da ake ba da kemo. Duk abin da yayarmu ta faɗa a sama haka yake, sai dai kowa da yadda jikinsa yake ɗauka. Abu ɗaya nake so ki riƙe ko da kin manta sauran.

Kemo yana kai hari ne kan ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa, kansa na ciki, amma haka tushen gashi yake, haka fatar cikin baki da hanji, haka ɓargo inda ake ƙera jini. Shi ya sa fararen ƙwayoyin jini, sojojin da ke yaƙar cuta, suke sauka ƙasa sosai wajen kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye. Matsalar ita ce lokacin ne mutum yake jin ya fara samun sauƙi sai ya saki jiki. A kwanakin nan ƙaramar cuta tana iya shiga jini cikin 'yan awoyi.

Don haka ki sayi tamomita kafin Litinin. In zafin jikinki ya kai 38, ko kina rawar ɗari, ko kawai kin ji jikinki ya canza miki ta yadda ba ki saba ba ko da tamomita bai nuna komai ba, asibiti za ki tafi a lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne. Kar ki sha farasitamol ki kwanta ki ce sai da safe, zai sauke zazzaɓin ya ɓoye mana abin da ke faruwa. Da kin isa kalmar farko da za ta fito bakinki ita ce ina kan kemo, ranar kaza aka min na ƙarshe, don irinku ba a barin su a layi, ana so a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya. Ki tambaye su lambar da za ki kira da dare, ki rubuta ta inda kowa a gidan zai gani.

Haka kuma in kina amai har ruwa ba ya zama, ko gudawa sau 4 ko fiye a rana, ko jini yana fita ta hanci ko dasashi bai tsaya ba, ko numfashi yana miki wuya, duk kira ne ba jira ba.

Sauran ƙanana: ki sha ruwa da yawa musamman kwana biyun farko, cyclophosphamide ta fitsari yake fita kuma ba a so ya daɗe a mafitsara. Ondansetron, maganin hana amai, yana busar da ciki, ki nemi a rubuta miki mai sassauta bayan gida tun farko. Dexamethasone, da ake haɗa shi da maganin hana amai, yana hana barci yana ɗaga suga, in kina da ciwon suga ki faɗa musu. Buroshi mai laushi, ki riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri sau da yawa a rana, ban da ruwan wanke baki mai alkohol. In aka ba ki allurar filgrastim don ƙara fararen ƙwayoyin jini, ciwon ƙashi da baya da za ki ji aikinta ne. Al'ada tana iya rikicewa ko ta ɗauke, amma duk da haka ciki na iya shiga kuma ba a so a wannan lokacin, ki yi maganar da likitanki kar ki ji kunya.

Yaranki ki rungume su ki kwana da su, kansa ba a ɗauka, kemo ma ba ya bin numfashi ko taɓa jiki. A kwanakin farko, musamman awa 48 na farko, maganin yana fita ta fitsari da amai, sai ki kora banɗaki da kyau, mai wanke miki wani abu ya sa safar hannu. Wanke hannu da sabulu ya zama dokar gida, in ɗayansu ya kwaso mura ko ƙaranbau ki ɗan ja baya ki sanar da asibiti.

Ɗan Uwa:

Allah ya ba da lafiya baiwar Allah. Ni dai shawarata ki haɗa da na gargajiya, akwai jiƙe-jiƙen da ake cewa suna wanke dafin kemon daga jiki suna ƙara jini, makwabciyarmu ta sha ta ce ta ji daɗinsu.

Sista Mai Jinya:

Malam na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma don Allah kar ta yi. Hanta da ƙoda su ke sarrafa kemon su fitar da shi, kuma an auna shi ne daidai da tsayinta da nauyinta. Wasu ganyayyakin suna rage masa ƙarfi, wasu suna sa ya taru ya yi yawa, wasu kuma hantar suke taɓawa, sai a zo gwajin jini a ga ba za a iya ba ta zagaye na gaba a kan lokaci ba. Hatta ƙwayoyin bitamin na kanti, duk abin da aka kawo miki Maman Biyu, kuma za a kawo da yawa don masu son ki ne, ki karɓa ki yi godiya ki kai wa likita ya gani kafin ya shiga bakinki.

Abban Yara:

Ni ba ni na yi ba, maiɗakina ce, kansar hanji ce tata, oxaliplatin aka ba ta, shi kuma sanyi ne ba ya so, ko ƙofar firij ta taɓa sai ta ji kamar lantarki a yatsu. Naki paclitaxel ɗin na gaba shi ma yakan sa yatsun hannu da na ƙafa su sage, in kin fara ji ki faɗa da wuri don suna iya rage yawan maganin.

Abin da ya kawo ni maganar yara ce. Mu mun ɓoye wa namu, muka ce ai ƙanana ne, ashe babban ya ji ana waya ya haɗa labarinsa shi kaɗai a ransa, wata guda yaron nan yana kwana da tunanin uwarsa mutuwa za ta yi ba mu sani ba, sai da malaminsa ya kira ni ya ce ya daina magana a aji. Ranar da muka zaunar da su muka ce Mama tana da ciwo sunansa kansa, maganin mai ƙarfi ne zai sa ta gaji, ba laifin kowa ba ne kuma ba za ku ɗauka ba, wallahi a daren ya yi barci. 'Yarki mai 12 ta riga ta san akwai wani abu. Ki faɗa musu maganar gashin kafin ya zube.

Sannan duk wanda ya ce in kina buƙatar wani abu ki faɗa, ki ba shi aiki takamaimai, kai ka ɗauko yara daga makaranta ranar Laraba, ke ki raka ni asibiti ki riƙe biro ki rubuta abin da likita ya ce. Mutane suna son taimakawa ba su san ta ina ba ne. 'Yan dubiya kuma a sati na biyu mijinki ya tsaya a ƙofa ya ba su haƙuri, ni na yi, wasu sun ji haushi daga baya sun fahimta.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri, na karanta amsoshinku ya fi sau biyar. Yau kwana na 4. Anti gaskiyarki, da na ga jan maganin nan yana tafiya a roba gabana ya faɗi amma ban ji zafi ba, ƙanwata na gefe da littafi tana rubutu. Ƙwayoyin ina sha a kan lokaci, tashin zuciya akwai amma ban yi amai ba, daren farko da na biyu kam ido biyu na kwana. Jiya da yau kasalar ta sauko, wannan rubutun ma sau uku ina ajiye wayar. Abban Yara, mun faɗa wa yaran ranar Lahadi, babbar ta yi kuka sannan ta ce ita za ta riƙa auna min zafin jiki, yanzu safe da yamma tana zuwa da tamomita ta rubuta, na yau 36.8. Ƙaramin tambayarsa ɗaya, wai in gashin ya zube zai iya taɓa kan.

Sista tambaya ɗaya, ruwa ya koma min ɗanɗanon ƙarfe a baki, ina ƙoƙarin sha amma da kyar yake wucewa, kuma tun Litinin ban zaga ba. Na jira zuwa gobe ko na kira lambar nan yau?

Sista Mai Jinya:

Ki kira yau, kwana huɗu ya isa, kar ki sa komai ta dubura da kanki sai abin da suka ce. Ruwan kuma ki gwada shi da sanyi, a kofin gilashi ko roba maimakon na ƙarfe, kurɓi kaɗan kaɗan duk bayan 'yan mintuna, in bakinki ba gyambo ki ɗiga lemon tsami a ciki. In kin yi waya da su ki dawo ki faɗa mana me suka ce.