Da albashin malamin firamare, ta ina zan fara mallakar gida a Kano?

Malamin Aji Huɗu:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga waɗanda suka riga ni bin wannan hanya. Ni malamin firamare ne, albashina bai kai dubu 100 ba. Da yamma ina koyarwa a wata Islamiyya, ana ɗan ba ni na sabulu. Maiɗakina tana ɗinki a gida. Yaranmu uku, muna haya a ciki da falo a Ɗorayi, dubu 250 a shekara, kuma mai gidan ya aiko cewa baɗi zai ƙara.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 muka ɗaure ciki. Na ajiye babur sai dole, keke nake hawa zuwa makaranta. Nama sai Juma'a. Da haka da adashin da nake zubi da abokan aiki muka tara dubu 700. Wani dillali ya nuna min fili 25 a 50 can gaba da Janguza, awon igiya ne, wato ba gwamnati ce ta yanka shi ba, kuɗin zai kusa isa. Wani abokina kuma ya ce in bari in ƙara tarawa in sayi mai takardar gwamnati, ko in nemi rancen gida na ma'aikata. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da rance mai ruwa ba. Me kuka gani? Kuma ina ne ya rage da zan iya matsewa ba tare da na zalunci iyali ba?

Tsohon Magini:

Wa alaikumus salam. Ɗana, tun ina saurayi nake ɗora bulo, kuma yawancin gidajen da na gina na masu ƙaramin ƙarfi ne irinka. A cikinsu ban san wanda ya tara kuɗin gida gaba ɗaya sannan ya fara ba. Kuɗin da ka ajiye a banki yanzu kamar ƙanƙara ne a watan Afrilu. Ka tuna farkon 2024, da buhun siminti ya haura dubu 10 cikin 'yan makonni? Wanda ya buga bulonsa kafin nan ya tsira, wanda ya riƙe takardar naira ya ga abin da ya gani. Don haka ka sayi filin, amma da sharuɗa.

Ka je ka gan shi da damina, bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Da rani ko'ina kyau gare shi. Idan hanyar ruwa ce ko tsohon kududdufi da aka cike da shara, ko kyauta ne kada ka karɓa, domin abin da harsashi zai ci ya fi kuɗin filin. Ka duba ko an bar layi mai faɗin da tifa za ta shiga, in ba haka ba yashi ma da baro za a riƙa kai maka, kana biya.

In ka saya, kada ka bar shi fili tsirara. Ka buga bulo ko ɗari biyu ne, ka ja harsashin katanga. Sannan ka zana gidan gaba ɗaya tun yanzu, amma ka gina ɗaki biyu da banɗaki kawai, ka rufa kwano, ka sa ƙofa da taga, ku tare. Filasta, silin, tayil, fenti, duk suna iya jiranku kuna ciki. Ranar da ka daina biyan haya, wannan dubu 250 ta zama kuɗin siminti. Wuri uku ne ban yarda a yi tsumulmula ba: harsashi, rodin linta, da yawan simintin bulo. Mai buga bulo in ya ce zai fitar maka da yawa daga buhu ɗaya, ba taimakonka yake ba.

Maman Sadiya da Ƙannenta:

Malam, Allah ya cika buri. Mu ma haka muka yi, a Zawaciki muke yanzu, kuma da muka tare ko wuta ba a ja ba. Zan yi magana a kan ɓangaren cikin gida, tunda Baba ya gama da gini.

Abin da ya fi taimakonmu shi ne sayen abinci da kaka. Duk shekara maigidan yana zuwa Dawanau ko kasuwar ƙauye ya sayo masara da gero da wake na watanni, mu zuba waken a jarka mu toshe don kada ya yi ƙwari. Wanda yake awo kullum da kwano ya fi kowa biyan tsada. Na biyu, anko. Na daina shi gaba ɗaya, na gaya wa 'yan uwa da bakina cewa gini muke yi. Wasu sun ji haushi, amma na je kowane biki da wankakkiyar atamfata da ɗan gudunmawata, zumunci bai yanke ba.

Sai dai ina roƙonka abu ɗaya. Kada ka taɓa abincin yara da kuɗin magani. Kuma ka zaunar da maiɗakinka ka nuna mata lissafin duka, nawa ke shigowa, nawa ke fita. Mace in ta san inda wahalarta za ta, ita da kanta za ta nuna maka inda kuɗi ke zurarewa. Idan kuɗin ɗinkinta zai shiga ginin, ku rubuta, bashi ne ko tana da kaso, da shaidu. Ba rashin yarda ba ne, haƙƙinta ne, kuma gaba ba a san wanda zai riga wani ba.

Ma'aikacin Ƙasa da Safiyo (mai ritaya):

Ban ƙi ta Baba magini ba, amma awon igiya ba abin da za a shiga da ido rufe ba ne. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne, shi ke ba da shaidar mallaka. Takardar cinikin da mai unguwa da dagaci suka sa wa hannu tana da amfani, amma ba ita ce wannan shaidar ba. Kafin ka biya ko kwabo, ka ɗauki bayanin wurin ka je KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta Jihar Kano, a duba ko yana cikin wani shiri na gwamnati, makaranta ko titi ko layin wuta. Izinin gini kuma wajen KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ake nema. Idan gonar gado ce aka yanka, ka tabbata magada duka sun yarda, har matan, ba babban wa kaɗai ba. Yawancin rigimar da na gani daga nan take tashi.

Game da rance: Asusun Gidaje na Ƙasa an kafa shi a 1992, ma'aikaci na zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa, Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya ke riƙe da shi, kuma rancen yana da ruwa kashi 6 cikin ɗari, a biya har zuwa shekara 30. Tunda ka ce ba ka son ruwa, akwai bankunan da ba sa harka da shi, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, sai dai su ma za su duba ƙarfin albashinka da ingancin takardun wurin.

Malamin Aji Huɗu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, jiya da daddare na karanta wa maiɗakina amsarki, ta ce keken ɗinkinta zai ɗauki kuɗin ƙofofi da tagogi, kuma za mu rubuta kamar yadda kika ce. Dillalin ya ce gonar gado ce, don haka na nemi ya haɗa ni da magadan kafin maganar kuɗi, sannan Litinin zan je a duba min wurin. Baba, a fili 25 a 50, ta wane ɓangare ya kamata in fara ɗakunan biyu don kada in rushe wani abu idan zan ƙara?

Tsohon Magini:

Ka fara daga ƙurya, ɗana, ka jingina su da katangar baya. Banɗaki da masai su zo kusa da ƙofar gida yadda motar kwasa za ta kai, kuma nesa da inda za ka haƙa rijiya. Gaban ka bar shi don soro ko shago. In ka auna faɗin layin ka faɗa min, sai in gaya maka inda ƙofa za ta kalla.