Ina za mu dinga zuba hotunan filin wasa da lambun gari kyauta?

Ɗan Binuwai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema. Ina aiki a wata meri (ofishin magajin gari) a nan arewacin Kamaru, sashen da ke kula da wasanni da wuraren shaƙatawa, wato filayen ƙwallon unguwa da wani ɗan lambu mai bencina da lilon yara, sai kuma sampiyonan vakans, wato gasar ƙwallon hutu, da muke shiryawa in an yi dogon hutun lekol. Shef ɗinmu ya ce yana so jama'a su dinga ganin aikinmu a intanet amma fa ko dala ba a ware ba, ya ce ai ku matasa ne kun san kan waya.

Hotuna kam akwai su sai dai a warwatse suke, wasu a wayata wasu a ta direba, wasu kuma abokin aikinmu da aka canza wa wurin aiki ya tafi da su Ngaundere a cikin wayarsa. To ina ya kamata mu dinga ajiye su kuma ina za mu dinga nunawa? Wani ya ce mini Flickr, wani ya ce Google Photos, ni dai Facebook na sani. Sannan me za mu sa wanda zai ja mutane su zo, don gaskiya lambun nan in ba ranar sallah ba daga mai gadi sai awaki.

Injiniyan Marwa

Wa alaikumus salam malam. Tambayoyinka biyu ne ka haɗa su wuri ɗaya. Wurin ajiya daban wurin nunawa daban, kamar rumbu da kasuwa ne, ba a ajiye hatsin shekara a bakin kasuwa.

Wurin nunawa kar ka wahalar da kanka, Facebook ne da WhatsApp tunda can mutanenmu suke. Flickr yana da kyau wlh, hoto yana fita tas kuma kana iya jera su album album, amma na kyauta hoto 1000 ne iyakarsa tun 2019, kuma ka tambayi mutum goma a kasuwar Garwa ko sun taɓa buɗe shi ka ji amsa. Google Photos kuma da can ba iyaka, tun watan Yunin 2021 suka daina, yanzu giga 15 ne ake ba ka kuma da shi Gmail da Drive ke ci. In hoton wayarka mega 4 ne ka ga za ka zuba kusan dubu huɗu kafin ya cika, wannan ya ishe ku na wani lokaci in dai ba ku dinga loda bidiyon wasan ƙwallo na minti tasa'in ba. Bidiyo shi ke cinye wuri.

Amma abin da ya fi damuna a maganarka shi ne wancan da ya tafi Ngaundere da hotuna. Nan matsalar take ba a manhaja ba. Kafin ka ɗora ko hoto ɗaya ka buɗe imel da sunan sashenku ba da sunanka ba, lambar da za a ɗaura masa ta zama layin buro, wato na ofis, don SIM da katin ɗan ƙasar mutum ake masa rajista, ranar da mai shi ya yi fushi ko aka canza shi ko Allah ya yi masa rasuwa shi ke nan wayarsa kod ɗin shiga imel ɗin zai dinga zuwa ku kuna kallo. Shafin Facebook ma ya zama shafi na hukuma, kar ka buɗe akawun na mutum ka sa masa sunan meri, kuma admin su zama biyu ko uku. Na ga shafuka da dama a yankin nan da suka tsaya cak, sanarwa ta ƙarshe tun shekaru, in ka bincika za ka tarar wanda ke riƙe da kalmar sirri ne ya bar wurin. A rubuta ta a takarda a sa a ambulan a ba sakatare ya kulle. Kuma a dinga leƙa imel ɗin, Google sun ce akawun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba suna iya goge shi.

Wani abu ƙarami, in abokan aikinka za su turo maka hoto ta WhatsApp su turo shi a matsayin dokima (document), in suka turo haka kawai matse shi yake yi, ranar da za ku buga babban allo sai fuskoki su fito dishi-dishi. Kowane taro da jakarsa, a sa shekara da wata da sunan fili.

Maman Yara Yelwa

Ɗana Ɗan Binuwai, Injiniya ya yi maka ta fasaha, ni bari in yi maka tawa ta uwar yara.

Dan Allah dan Annabi kar ku cika mana shafi da hoton manya suna yanka ƙyalle. Duk shafin hukuma da ka buɗe haka ne, babbar riga, gaisuwa, babbar riga, a tsaya a jere a ɗauki hoto. Ni da nake so in fita da jikoki ranar Lahadi da la'asar ba abin da wannan zai ƙara mini. Abin da nake son sani ƙarfe nawa ake buɗewa ƙarfe nawa ake rufewa, ana biya ne ko kyauta, in ana biya nawa ne na yaro, akwai ban ɗaki mai ruwa, akwai inda zan yi sallar la'asar, akwai inuwa? A zafin Maris da Afrilu na garin nan lilon ƙarfe da ya wuni a rana yaro ba ya iya ɗora cinya a kai, to ɗauko mini hoton bencin da ke ƙarƙashin dalbejiya in gani da idona, shi zai fito da ni.

Kuma ku sa hoton gaskiya. Kar ku ɗauki hoton watan Agusta ciyawa shar ku sa mana shi a tsakiyar bazara, mace ta biya ɗan moto ta kwaso yara ta zo ta tarar da ƙura da lilo a karye, wallahi ba za ta sake dawowa ba kuma sai ta gaya wa duk matan gidan biki. In lilo ya karye ku ce ya karye, ranar da aka gyara ku nuna mai walda yana aikinsa.

Sai harshe. Komai ku rubuta da Faransanci kamar takardar gwamna. Mata nawa ne a unguwa za su tsaya karanta wannan? Ka yi murya ta minti ɗaya da Fulatanci, wata da Hausa, ka haɗa da hoto biyu ka tura grup ɗin matan unguwa da na masu ƙungiyoyin ƙwallo, kafin magariba ta zagaye gari. Ni sanarwar riga-kafi ma ta haka nake jin ta.

Na ƙarshe kuma wannan ba wasa, 'ya'yan mutane. Kar ka kafa wa yarinya kamara a fuska ka ɗora ba ka tambayi iyayenta ba, akwai gidajen da wannan kaɗai zai sa a hana ta fita har abada, ka san halin iyaye maza. Ɗauka daga nesa ko ta baya, kuma ban da suna da sunan makaranta.

Injiniyan Marwa

Hajiya ta gama magana. Ƙari kawai, tun 2023 akwai dokar kare yara a intanet a Kamaru, saboda haka ba maganar kunya kaɗai ba ce. Ranar rajistar sampiyona ku ƙara layi ɗaya a takardar da uba ko mai ƙungiya ke sa hannu, ya yarda a sa hoton yaron ko bai yarda ba.

Ɗan Jamena

Gaisuwa daga tsallaken Shari. Ni ban yarda a zuba komai a Facebook a kwanta ba, mu nan mun ɗanɗana. Daga Maris 2018 har Yulin 2019 an toshe mana Facebook da WhatsApp da Twitter a Cadi, wata goma sha shida, sai mai VPN, manhajar tsallake toshiya, kuma VPN shan mega yake kamar me. Duk wanda hotunansa da sanarwarsa can kaɗai suke ya zama kurma. Don haka yaya ka sayi diski ko da filash ne babba, duk ƙarshen wata ka kwashe komai ka zuba, ɗaya a buro ɗaya a wani wuri daban. Kuma kar ka raina allon katako a ƙofar fili da sanarwar rediyo, ranar da rezo ya ɗauke ko wuta ta kwana biyu ba ta zo ba su ne za su fishe ka.

Abin da ban ji kowa ya ambata ba shi ne Google Maps. Kyauta ne ka sa wurin in babu shi, ka rubuta sunansa da lokacin buɗewa ka ɗora hoto biyar shida masu kyau. Baƙo da ya sauka garinku ba shafin meri zai nema ba don bai ma san da shi ba, taswira zai buɗe ya ga me ke kusa. Ku tuna CAN, gasar cin kofin Afirka, da aka buga a farkon 2022, rukunin Najeriya a Garwa yake, filin Rumde Ajiya, ranar 11 ga Janairu suka ci Masar ɗaya da nema, mutanen Yola da Mubi suka cika gari. Tsakanin wasa da wasa kwana uku huɗu ne mutum na zaune a masauki yana neman inda zai je, wanda ya samu ɗan gari ya kai shi bakin Binuwai kallon dorina ko gidan zu ya more, wanda bai samu ba sai kwana da kallon silin.

Tsohon Gid

Salamu alaikum. Na yi shekaru ina raka baƙi daji, ko da yake ku lambun cikin gari ne naku bari in sa baki don na san daga fili za a wuce a ce ku tallata gandayen dajin Waza da Benuwe da Faro tunda arzikin yankin ne.

Wayar zamani tana liƙa wa hoto daidai inda aka ɗauke shi in ba ka kashe GPS na kamara ba. A filin ƙwallo ba komai. A daji kuwa ka ɗauki giwaye a bakin ruwa ka tura ainihin hoton, ka ba mafarauci adireshi ke nan. Kuma ku lura, wannan dabarar ta Injiniya ta turawa a dokima ita ce ke barin bayanin a jikin hoton. Wanda ya san abin da ya faru a gandun dajin Buba Njida a 2012, da mahaya dawakai suka shigo suka kashe giwaye ɗaruruwa, ba zai ɗauki wannan da wasa ba. A kashe GPS, kuma kar a ɗora a ranar, a bari a kwana biyu.

Ɗan Jamena, gandun dajinku na Zakuma ya isa misali. Tun da ƙungiyar African Parks masu kula da gandayen daji suka karɓi kula da shi a 2010 giwayen da suka ragu zuwa wajen 450 sun fara ƙaruwa, kuma hotunan da suke fitarwa ne suka sa duniya ta san akwai irin wannan wuri a Cadi. Sai dai su suna da ƙwararrun masu ɗauka, ku waya ce. Wayar ma ta isa in an san lokaci, da sassafe ko bayan la'asar, rana tana bayanka. Tsakar rana komai fari fat yake fita, in hazon hunturu ya sauka kuwa sai ka matsa kusa. Kuma a goge idon kamara da gefen riga, rabin hotunan da nake gani maiƙon soye ne ya ɓata su.

In kuna da kyawawa na wuri zalla ba fuskar yara, ku sa wasu a Wikimedia Commons, rumbun hotuna na kyauta a intanet, daga can masu rubuta Wikipedia ta Hausa da ta Faransanci ke ɗauka. Amma ka gaya wa shef tun da wuri, in an sa can kowa na iya amfani da shi har ya buga a kalanda ya sayar in dai ya ambaci mai shi, kuma ba a janyewa.

Ɗan Binuwai

Kai Allah ya saka da alheri, Mama na gode, Baba Gid na gode. Na kai wa shef maganar layin buro ya amince, ta muryar Fulatanci da Hausa ma ya ce shi da kansa zai yi ta farko. Inda muka tsaya shi ne sharhi. Ya ce in mun nuna lilo a karye mutane za su zo ƙasa su yi ta zagin meri, har da waɗanda kwatar unguwarsu ce ta dame su ba lambu ba, wai gara a rufe wurin sharhin gaba ɗaya. Ni kuma ina ganin in an rufe ta ina za mu san fitilar fili ta mutu?

Maman Yara Yelwa

Ka ce masa zagin nan ana yin sa a majalisa ko ya rufe ko bai rufe ba, gara ya ji da kunnensa. Mai ashar a ɓoye nasa, mai ƙorafi a ba shi amsa ko da "mun gani, an tura wa masu gyara" ne. Amma fa sai in da gaske an tura.

Lambun naku ma a wace unguwa yake? Turo mini hoton ban ɗakin tukuna, in ya yi mini Lahadi ina tafe da jikoki.